Tambayoyi da Amsoshi: Sauya Aikin Maɓallan Kibod ga Makafi Masu Kunna Windows a Cikin Wata Kwamfuta

Akwai wani shiru da duk makahon da ya taɓa kunna Windows a cikin Mac ya sani. Windows ta tashi, manhajar karanta allo ta NVDA ta yi magana, hankalinka ya kwanta. Sai ka ɗora ƙaramin yatsa a kan Caps Lock, ka haɗa da T don a faɗa maka tagar da kake ciki, amma ba abin da ya biyo baya. Ka sake, shiru. Na sha zama cikin wannan shirun, kuma tambayoyin nan su ne waɗanda 'yan'uwa masu larurar gani suka fi yi mini a kansa. Yawancin amsoshin a kan Mac suke, domin can matsalar ta fi tsanani, amma na taɓo Windows da Linux inda ya dace.

Mece ce wannan kwamfuta cikin kwamfuta, kuma me zai kai makaho wurinta?

Manhaja ce da take yi wa wani tsarin kwamfuta ɗaki a cikin wadda kake da ita. VMware Fusion da Parallels Desktop da UTM suna yin haka a Mac. VMware Workstation da Hyper-V a Windows. VirtualBox kuwa tana ko'ina. Daga nan zuwa ƙasa, kwamfutar da ke hannunka zan riƙa ce mata mai masauki, wadda ke ciki kuma baƙuwa.

Abin da ke kai mu can buƙata ce. Wani yana son VoiceOver, mai karanta allo ta Mac, don harkokinsa na yau da kullum, amma aikin ofis ko na makaranta ya fi yi masa sauƙi da NVDA ko JAWS, masu karanta allo na Windows. A da ana raba Mac gida biyu da Boot Camp, amma tun da Apple ta fara fitar da kwamfutoci masu M1 a 2020, wannan ƙofa ta rufe ga sababbin na'urori, sai dai a saukar da Windows a matsayin baƙuwa. Kuɗi ma ba su zama shinge kamar da ba, don tun 2024 aka mayar da Fusion da Workstation kyauta.

Me ya sa rashin maɓalli ɗaya tak yake tsayar da komai?

Saboda kowace manhajar karanta allo tana da maɓallin da ta keɓe wa kanta, wanda idan ka riƙe shi ta san da ita kake magana, ba da Word ko Chrome ba. Na NVDA shi ne Insert, kana iya ƙara mata Caps Lock. JAWS tana amfani da Insert a tsarin kwamfutar tebur, Caps Lock a tsarin laftof. Narrator, wadda ke zuwa tare da Windows, tana karɓar kowanne cikin biyun. Orca ta Linux ma haka take, Insert ko Caps Lock. Kusan kowane umarni ta nan yake bi: karanta shafi gaba ɗaya, faɗin lokaci, buɗe saituna, har rufe manhajar kanta.

To kibod ɗin MacBook ba shi da Insert ko kaɗan. Saura Caps Lock, shi kuma ga abin da ke damunsa.

Na sa alama a akwatin Caps Lock lokacin da NVDA ta fara tashi, amma ba ya aiki. Wani abu na ɓata?

Ba ka ɓata komai ba, kuma sake girka NVDA ba zai gyara ba. Na san waɗanda suka girka sau uku suna zargin kansu.

Ga yadda abin yake. Duk maɓallin da ka danna, saƙo biyu yake aikawa: ɗaya lokacin da ya nutse, ɗaya lokacin da ka ɗaga yatsa. Tsakanin saƙonnin nan biyu ne manhajar karanta allo take gane cewa kana riƙe da shi. Windows tana kallon Caps Lock kamar kowane maɓalli, tana jin nutsewarsa da tashinsa. Mac kuwa makunnin fitila ta ɗauke shi: ko a kunne yake ko a kashe. Abin da take gaya wa Fusion ko Parallels ke nan, cewa yanayinsa ya canza. Su kuma sai su aika wa baƙuwa dannawa da saki a lokaci guda. Kafin yatsanka ya isa T, a wurin NVDA ka riga ka saki Caps Lock tun tuni. Shi ya sa abin da kake samu kawai shi ne manyan haruffa suna kunnuwa suna mutuwa.

Akwai ƙarin abu biyu. Mac tana yin biris da taɓawar Caps Lock idan ta yi saurin gaske, don kare masu buga shi bisa kuskure. Sannan idan VoiceOver tana kunne kuma Caps Lock na cikin maɓallanta, ita za ta fara cafke shi, baƙuwa ba za ta ma ji labari ba.

Kafin in taɓa komai, me zan fara yi?

Ka san ƙofar fita, ka kuma gwada ta sau biyu ko uku. Idan baƙuwa ta kama kibod, duk abin da ka buga wurinta yake zuwa, kuma kowace manhaja da nata haɗin da ke sakin ka. A Fusion, Control da Command ne. A Parallels da UTM, Control da Option, wato daidai maɓallan VoiceOver, don haka kada ka yi mamaki idan ka ji kibod ya kuɓuce wa Windows alhali kai umarni kake ba VoiceOver. A VirtualBox, Command na hagu ne a Mac, Ctrl na dama a Windows. A Workstation, Ctrl da Alt. A Hyper-V, Ctrl da Alt da kibiyar hagu.

Na biyu, ka ɗauki abin da manhajojin nan ke kira Snapshot, wato hoton halin da baƙuwa take ciki a wannan lokaci. Idan abu ya lalace, daga ɓangaren mai masauki, da muryar da ke aiki, za ka mayar da ita yadda take.

Wannan shawarar da tsada na saye ta. Wani dare na zauna sauya maɓalli a cikin Windows, na zame layi ɗaya a jerin sunaye ban lura ba, na ba da harafin da ke cikin kalmar sirrina. Da na sake kunnawa, sai ga ni a bakin ƙofar shiga, ina buga kalmar ana ce mini ba daidai ba. Babu Snapshot. Sai da gari ya waye ƙanwata ta zo ta buɗe kibod ɗin da ke fitowa a allo, ta danna mini haruffan ɗaya bayan ɗaya da linzami. Minti ɗaya na shiri da ya hana wannan kwanan zaune.

Na uku, ka riƙe hanyar tayar da Narrator: Ctrl da Esc don buɗe Start, ka rubuta narrator, ka buga Enter. Ba ta buƙatar Insert ko Caps Lock kafin ta fara magana.

A ina ya kamata a yi sauyin: a Mac, a manhajar da ke ɗauke da baƙuwa, ko a cikin Windows?

Dannawarka ƙofa uku take ratsawa kafin ta isa kunnen NVDA: mai masauki, sai manhajar da ke tsakiya, sai baƙuwa. A kowace ƙofa ana iya canza mata suna. Ra'ayina shi ne a zaɓi ƙofa ɗaya a tsaya a kanta, a kuma rubuta abin da aka yi a wani fayil. Mafi yawan rikicin da ake kawo mini na mutanen da suka gwada hanya ta farko ne, ba ta yi ba, suka bar ta a kunne suka gwada ta biyu, suka ɗora ta uku, har maɓalli ɗaya yana amsa suna uku, ba wanda ya san inda aka kwana.

Idan ka yarda ka ba da wani maɓalli ya zama Insert, a cikin Windows ya fi dacewa, don Mac ɗinka ba za ta ji komai ba. Idan kuwa lallai Caps Lock kake so, dole a Mac za a yi, tunda can ne saƙon yake lalacewa. Duk gyaran da ka yi a ciki, ruwa ya riga ya zube. Ƙofar tsakiya ma tana da amfani. A Fusion, cikin saitunan Keyboard & Mouse akwai Key Mappings, inda za ka ce wannan maɓalli ko wannan haɗi ya zama wancan. Na fi amfani da ita wajen haɗin maɓallai da yawa, kamar Ctrl da Windows da Enter na tayar da Narrator, wanda a kibod ɗin Mac yake cin karo da Control da Command na Fusion.

Wane maɓalli zan sadaukar?

Nan ne ya kamata mai rubuta Hausa ya tsaya ya yi tunani, don shawarar da aka fi bayarwa ba don mu aka tsara ta ba.

Za ka ji ana cewa a ba da Option na dama, wanda Windows ke gani a matsayin Alt na dama. Ga mai rubutu da kibod ɗin Amurka, ba asara. Amma a tsarin kibod na Hausa da ke cikin Windows, wannan maɓallin shi ne AltGr, kuma da shi ake fitar da haruffa masu lanƙwasa: AltGr da b ya ba ka ɓ, da d ya ba ka ɗ, da k ya ba ka ƙ, da y ya ba ka ƴ. Ranar da ka mayar da shi Insert, ranar ce za ka rasa bambancin kafa da ƙafa a rubutunka. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi masu tsarin Faransanci, nasu ya fi muni, don alamar @ ta adireshin imel ma da AltGr take fita.

Wanda na fi ba mutane shi ne na saman Tab, a kusurwar hagu, kusa da lamba 1. A tsarin Amurka wata 'yar alama ce mai kama da waƙafi a sama, wadda mai rubutun yau da kullum zai yi shekara bai nema ba. A tsarin Faransanci na Windows, ƙaramar lamba biyu ce ta sama, ita ma ba kowa ke buƙatarta ba. Yana kusa da inda hannu ya saba neman Caps Lock, don haka yatsu ba sa daɗewa suna lalube. Masu rubuta manhaja ne kawai zan ce su bar shi, don alamar tana da aiki a PowerShell da JavaScript.

Sai ka shafa kibod ɗinka tukuna. Idan Shift na hagu gajere ne kuma akwai wani maɓalli tsakaninsa da harafin farko na layin, to irin na Turai ne, kamar yawancin na hannu da ake kawowa daga Ingila. Wannan ƙarin maɓallin kyauta ce, yana da kyau ƙwarai a matsayin Insert. Sai dai a irin waɗannan Mac, yakan faru baƙuwa ta musanya shi da na saman Tab, don haka ka buɗe Notepad ka danna kowanne ka ji abin da Windows ta kira shi kafin ka yanke hukunci.

Command na dama shi ma zaɓi ne mai kyau, babban yatsa yana kai masa ba wahala, kuma yana barin hannun hagu ya yi haruffa. Banda mai VirtualBox a Mac: tunda ta riƙe na hagu don kanta, na dama ne kaɗai maɓallin Windows da ya rage maka.

Yaya ake yi da SharpKeys?

SharpKeys ƙaramar manhaja ce ta kyauta, tana cikin Microsoft Store, kuma NVDA tana karanta ta sarai da Tab da kibiyoyi kawai, ba sai kana da Insert ba. A cikin baƙuwa za ka girka ta.

Ka buɗe, ka je Add. Za ka tarar da jeri biyu: na farko maɓallin da za ka ba da, na biyu abin da zai zama. Kowane suna yana tafe da lambarsa, kuma lambar ce abin dogaro. Na saman Tab shi ne 00_29. Wanda ke kusa da gajeren Shift, 00_56. Command na dama, wato Windows na dama, E0_5C. A jeri na biyu ka nemi Insert mai lamba E0_52. Akwai wani mai 00_52, wannan sifirin ɓangaren lambobi ne, yana zama Insert ne kawai idan Num Lock a kashe yake, ka ƙyale shi. A ƙarƙashin kowane jeri akwai Type Key, mai cewa ka danna maɓallin ta gane shi da kanta. Ni ina kauce masa, don tagar da yake buɗewa tana sauraron duk abin da ka taɓa, kuma ba ya gane Alt.

Ka tabbatar, ka koma babbar taga, ka saurari layin da aka ƙara tun daga farko har ƙarshe. Sai ka je Write to Registry, ka sake kunna Windows. Sauyin ba ya fara aiki sai bayan haka.

Daɗin wannan hanya shi ne SharpKeys ba ta zama a kunne. Rubutu take yi a rijistar Windows ta tafi abinta, Windows da kanta ke yin musanyar tun kafin NVDA ta ji, har a wurin shigar da kalmar sirri. Iyakarta kuma: maɓalli ɗaya zuwa ɗaya take yi, ba haɗi ba, kuma sauyin ya hau kan kowane mai amfani da kowane kibod a wannan Windows.

Idan babu intanet a baƙuwa fa, ko ba na son girka komai?

Abin da SharpKeys ke rubutawa kai ma kana iya rubuta shi. Ka buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa ka sa wannan, wanda ke mayar da na saman Tab ya zama Insert:

reg add "HKLM\SYSTEM\CurrentControlSet\Control\Keyboard Layout" /v "Scancode Map" /t REG_BINARY /d 00000000000000000200000052E0290000000000 /f

Ka bi lambobin harafi-harafi: sifiri 16, sai 02000000, sai 52E0 wanda shi ne Insert a juye, sai 2900 wanda shi ne maɓallin da aka ba da, sai sifiri 8. Ka kula, Keyboard Layout ne, babu s a ƙarshe. Akwai wani wuri dab da shi mai suna Keyboard Layouts, a kunne kusan ɗaya suke. Wannan umarni yana shafe duk wani sauyi da aka rubuta a wurin a baya. Don warwarewa, ka sa reg delete da wannan adireshin da /v "Scancode Map" /f, ka sake kunnawa.

Ni dai Caps Lock hannuna ya saba da shi shekara da shekaru. Babu dabara?

Akwai, kuma na fahimci wannan sosai. Yatsa ba ya manta makarantarsa ta farko. Dabarar ita ce a canza wa Caps Lock suna tun kafin Mac ta gane shi. Idan ya iso mata a matsayin Insert, za ta ɗauke shi maɓalli kamar kowa, mai nutsewa da tashi, ta miƙa wa baƙuwa yadda ya zo.

Karabiner-Elements ce aka fi yin wannan da ita, kyauta ce. Lokacin girkawa Mac za ta nemi ka ba ta izinin sauraron kibod ka kuma amince da direbanta a saitunan tsaro. Idan ka tsallake wannan, za ta buɗe amma ba za ta yi komai ba. A Simple Modifications ka sa caps_lock a gefen farko, insert a na biyu. Shi ke nan. A NVDA ba sai ka sa alamar Caps Lock ba ma, Insert take ji.

Farashinsa shi ne VoiceOver ta rasa Caps Lock, sai Control da Option. Idan wannan ya dame ka, Complex Modifications tana ba da damar a ce dokar ta yi aiki ne kawai lokacin da Fusion ke gaba, ta hanyar sharaɗin frontmost_application_if da sunan com.vmware.fusion. Da ka fita, Caps Lock ya koma na VoiceOver. Yana buƙatar ɗan rubutu a fayil, amma sau ɗaya ne.

Wanda ba ya son ƙarin manhaja, Mac tana da nata umarni tun macOS Sierra. A Terminal:

hidutil property --set '{"UserKeyMapping":[{"HIDKeyboardModifierMappingSrc":0x700000039,"HIDKeyboardModifierMappingDst":0x700000049}]}'

39 ɗin Caps Lock ne, 49 kuma Insert. Yana aiki nan take, amma da ka kashe Mac ya tafi. Wannan ya sa ya dace da gwaji.

To manyan haruffa fa?

Shift yana nan. Idan kana yawan rubuta layi guda da manyan haruffa, ka ba wani maɓallin da ba ka buƙata aikin Caps Lock da SharpKeys, lambarsa 00_3A.

Ina amfani da JAWS a tsarin laftof. Amsar ɗaya ce?

Kusan. Tsarin laftof na JAWS a kan Caps Lock aka gina shi, don haka abin da kake so baƙuwa ta ji shi ne Caps Lock na gaske. A SharpKeys, maimakon E0_52 sai ka zaɓi 00_3A a jeri na biyu. Caps Lock ɗin da aka haifa a cikin Windows lafiyarsa ƙalau, don bai bi ta hannun Mac ba. Idan kuma yatsanka na kan ainihin Caps Lock kake so, nan ne kaɗai nake yarda da ƙofa biyu: Karabiner ta mayar da shi Insert ya ƙetare, SharpKeys ta karɓe shi ta mayar da shi Caps Lock.

Mai NVDA ma kada ya manta ya koma tsarin laftof, don na tebur ya dogara da ɓangaren lambobi wanda MacBook ba ta da shi. Maɓallin NVDA, wato Insert ɗinka, da Ctrl da K ne ke buɗe saitunan kibod. A tsarin laftof karanta komai ya koma NVDA da A, karanta layi NVDA da L.

PowerToys ko AutoHotkey, da su ma ake sauya maɓalli a Windows, ba za su yi ba?

Don wannan aikin ba na ba da shawararsu. Dukansu sai suna kunne suke aiki, kuma a layi ɗaya suke tsayawa da manhajar karanta allo suna jiran dannawa, wanda ya riga ya cafka. Yau ya yi, gobe ka sake kunna NVDA ya ƙi. A wurin kalmar sirri kuma ba sa nan. Suna da kyau wajen gajerun hanyoyi, amma maɓallin da muryarka ta rataya a kansa ya fi ƙarfin sa'a.

Zan iya ba da Fn?

Daga cikin Windows, a'a. Fn ba ya isa wurinta. Kuma kana buƙatarsa: Fn da kibiyar hagu Home ne, da ta dama End, da ta sama Page Up, da ta ƙasa Page Down.

VoiceOver da NVDA suna magana tare, kibiyoyi ma wani lokaci ba sa motsi.

Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Abin da nake yi shi ne in shiga tagar baƙuwa, in kashe VoiceOver da Command da F5, in na gama in kunna ta da su. Idan ka fi son barin ta a kunne, to ka kashe Quick Nav ta hanyar danna kibiyar hagu da ta dama tare, don ita ce ke cinye kibiyoyin. Ka kuma shiga VoiceOver Utility da VO, wato Control da Option, da F8, a General ka cire Caps Lock daga maɓallanta. VO da Tab yana sa ta ƙyale dannawa ɗaya ta wuce, amma wannan na larura ne, ba a yini ana yin sa.

Wata 'yar dabara da ta taimake ni: muryar mai masauki ta mace, ta baƙuwa ta namiji. Kalma ɗaya ta isa ka san ɗakin da kake.

Tawa ba Mac ba ce. Windows ce a waje, Windows a ciki, NVDA a dukansu.

Naka da sauƙi, ba sai ka taɓa rijista ba. Matsalarka ita ce ta waje tana iya riga ta ciki cafke Insert. Ka je tagar baƙuwa ka sa ta waje barci: NVDA da Shift da S a tsarin tebur, NVDA da Shift da Z a na laftof. Barcin na wannan manhajar ce kaɗai, da ka fita za ta ci gaba da magana. Ko kuma ka raba musu gado a saitunan kibod: ta waje Insert kaɗai, ta ciki Caps Lock kaɗai.

Idan laftof ɗinka ba shi da Ctrl na dama, kamar wasu sababbi da aka sa wa maɓallin Copilot a wurin, ka canza maɓallin fita na VirtualBox a Preferences, ƙarƙashin Input, tun kafin ka kunna baƙuwa. Mai Hyper-V kuma ya sani cewa sauti yana zuwa ne ta Enhanced Session. Idan ba a ciki kake ba, shirun da kake ji ba na kibod ba ne.

Control da kibiya ba ya tsallaka kalma, F12 kuma ƙara sauti yake yi.

Dukansu aikin Mac ne. Control da kibiyoyi na Mission Control ne. Ka shiga saitunan kibod na Mac, cikin Keyboard Shortcuts, ka cire musu alama. A nan kuma akwai zaɓin da ke sa F1 zuwa F12 su zama na asali ba sai da Fn ba. Ka kunna shi, don NVDA da JAWS suna yawan amfani da su.

Wasu kuma Alt ne ke ruɗa su: a kibod ɗin Windows yana manne da maɓallin tazara, a Mac kuwa Command ne a wurin. Ana iya musanya su da SharpKeys. Ni ban yi ba, hannuna ya saba cikin kwana kaɗan, amma wanda ke yini a kwamfutar ofis ya dawo gida kan Mac yana da hujja. Maɓallin Applications, mai buɗe jerin zaɓi, ba sai an nema masa gurbi ba, Shift da F10 suna yin aikinsa a yawancin wurare.

Na fita da Command da Tab, da na dawo kowane harafi sai ya buɗe wani abu.

Baƙuwa ta ji ka danna Command, amma lokacin da ka saki ka riga ka bar ta, don haka a wurinta har yanzu maɓallin Windows a danne yake. Ka taɓa Command, Option, Control da Shift ɗaya bayan ɗaya, hagu da dama, sai Esc.

Baƙuwata Linux ce da Orca.

Gyaran Karabiner ko hidutil yana yi mata aiki kamar yadda yake yi wa Windows, tunda Insert ne ke isowa. Idan a ciki kake so, manhajar sauya maɓalli ta xmodmap ta tsohon tsarin X11 ce, ba ta aiki a sabon tsarin Wayland da yawancin sababbin Linux ke tashi da shi. Manhajar keyd tana aiki a duka: a fayil ɗin /etc/keyd/default.conf, bayan sashen [ids] mai ɗauke da *, ƙarƙashin [main], ka rubuta grave = insert, grave shi ne na saman Tab. Super, wato maɓallin Windows, da Alt da S ne ke kunna Orca a GNOME.

Kibod na waje ba zai raba gardama ba?

Idan a tebur kake aiki, yana rabawa. Cikakken kibod na USB yana da Insert da ɓangaren lambobi, ka jona kawai Insert zai wuce. Caps Lock ɗinsa dai yana nan da matsalarsa muddin ta Mac yake bi, sai idan ka miƙa na'urar kacokan ga baƙuwa. VMware tana ɓoye kibod daga jerin na'urorin USB sai an ƙara usb.generic.allowHID = "TRUE" a fayil ɗin vmx, wato na saitunan baƙuwa. Kada ka taɓa miƙa kibod ɗin da shi kaɗai gare ka. Wanda aka ba baƙuwa, mai masauki ba ta ƙara jin sa, har haɗin fita.

Ta yaya zan tabbatar ya yi?

Ka riƙe sabon maɓallin ka danna 1 na layin sama. Idan NVDA ta ce Input help on, ya isa. A wannan yanayi duk abin da ka danna sunansa da aikinsa kawai za a faɗa, ba za a aiwatar ba, don haka ka zagaya kibod ɗin gaba ɗaya: Option na dama yana nan a matsayin Alt? Kibiyoyi huɗu suna isowa? F1 zuwa F12 fa? JAWS ma da wannan haɗin take buɗe nata. Ka sake danna shi don fita, ka buɗe Notepad ka rubuta ɓera da ɗaki da ƙofa, ka kuma buga haruffan kalmar sirrinka ɗaya-ɗaya ka ji kowanne ya fito. In duk sun fito, ka ɗauki sabon Snapshot, ka sa masa suna da maɓallin da ka sauya da ranar da ka yi.